REDIYON 'YAN SHA'AWA: ROƘONMU GA MAKARANTA DA IYAYE

 Mu 'yan kulob ɗin kimiyya ne. Akwai wata magana da muka daɗe muna yi a tsakaninmu a gindin dogon yaron da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje, yau kuwa muna so Shugaban Makaranta, da malamanmu, da iyayenmu, da dattawan ikkilisiya su ji ta. Roƙonmu shi ne a kafa tashar rediyon 'yan sha'awa a makarantar nan. Mun sani da jin haka wani zai yi dariya, ya ce a zamanin WhatsApp da Facebook da TikTok wa yake ta rediyo? To, mai dariya ya yi haƙuri ya karanta tukuna, gama mu ma da dariyar muka fara.

Ga yadda abin ya faro. A zango na biyu aka sa mu share sito, sai muka tarar da wani tsohon akwatin rediyo mai allura, ƙura ta rufe shi. Malaminmu na Fiziks ya ce kada a jefar. Ya goge shi, ya sa batir, muka ɗaura doguwar waya daga taga zuwa reshen itace. Da dare bayan addu'ar yamma muka kewaye shi, muna murɗa allura a hankali. Kusa da inda aka rubuta mita 41 sai muka ji wasu muryoyi kamar kukan agwagwa, ba a gane abin da suke faɗa. Malam ya ce waɗannan ba gidan rediyo ba ne. Mutane ne kamar mu, kowa yana zaune a ɗakinsa, wani mai yiwuwa a Italiya, wani a Jamus, suna hira da juna, akwatinmu ne ba a yi shi domin ya warware irin muryarsu ba. Sa'an nan ya tambaye mu, mene ne ma'anar mita 41 ɗin nan da kakanninmu suka yi shekaru suna ji ana faɗa? Mu wajen talatin ne a wurin, kowannenmu ya iya latsa wayar salula kamar da ita aka haife shi, amma ba wanda ya amsa. Kunyar wannan dare ce ta kai mu ga bincike.

Rediyon 'yan sha'awa, wanda Turawa ke ce wa ham, ya bambanta da rediyon da muka saba. Gidan rediyo kamar na Kaduna, ko Rima ta Sakkwato, ko sashen Hausa na BBC da ya fara aiki a 1957, shi yake magana, mu kuwa namu saurare. A wannan kuwa mutum yakan yi karatu, ya ci jarrabawa, gwamnatin ƙasarsa ta ba shi lasisi da lambar kira tasa ta kansa, sa'an nan ya kafa na'urarsa ya yi magana da 'yan'uwansa masu irin wannan lasisi a ko'ina cikin duniya. Ba domin kuɗi yake yi ba, domin koyo ne da gwaji da zumunci. Kowace ƙasa tana da haruffanta. Lambar da ta fara da 5N ta Nijeriya ce, 5U kuma ta maƙwabtanmu ce, Jamhuriyar Nijar. Da ka ji lambar mutum ka san ƙasarsa tun kafin ya faɗi sunansa. Akwai ƙungiyarsu ta ƙasa a nan Nijeriya, wadda ake kira NARS a taƙaice, akwai kuma babbar ƙungiya ta duniya, IARU, da aka kafa a birnin Faris ranar 18 ga Afrilu, 1925. Har yanzu kowace shekara a wannan rana ake bikin ranarsu.

Kada kuma a ɗauka wasan marasa aiki ne. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana da lambar kira JY1, yakan zauna ya yi hira da talakawan wasu ƙasashe. Rajiv Gandhi, wanda ya yi Firayim Ministan Indiya, lambarsa VU2RG. Joe Taylor, Ba'amurken da ya sami kyautar Nobel ta Fiziks a 1993, ɗan sha'awar rediyo ne tun yana yaro, shi ne kuma da abokin aikinsa suka fito da hanyar FT8 a 2017, wadda kwamfuta ke tsamo saƙo da ita ko da ya yi raunin da kunne ba zai ji shi ba.

Yanzu bari mu amsa tambayar Malam, domin a ga cewa ba mu ɓata lokacin karatu ba. Igiyar rediyo tana tafiya da saurin haske, watau kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya. In ka raba 300 da yawan megahaz na tasha, abin da ya fita shi ne tsawon igiyar a mita. Tashar da ke kan megahaz 7 da 'yan kai, igiyarta ta kai wajen mita 41. Ashe ke nan kakanmu da yake cewa a kamo masa mita 41 lissafin Fiziks yake faɗa bai sani ba. 'Yan sha'awa kuwa an ware masu daga megahaz 7 zuwa 7.2, daf da gidajen rediyo, shi ya sa muka ci karo da su a wannan dare. Can sama kuma, ɗaruruwan kilomita daga ƙasa, akwai wani sashe na iska da hasken rana yake cika shi da lantarki. In igiyar gajeren zango ta buge shi sai ta tanƙwaro ta komo ƙasa a wuri mai nisa, ta sāke tashi, ta sāke komowa, har ta ƙetare teku. Wannan sashe yana sauyawa tsakanin dare da rana, yana kuma sauyawa bisa ga tabon da ke fita a jikin rana, wanda yake ƙaruwa ya ragu cikin wajen shekara 11. Shi ya sa tashar da ka ji garau da dare, da hantsi sai ka neme ta ka rasa. Lokacin da Marconi ya aika da alama daga Ingila zuwa Niyufanlan a 1901, shi kansa bai san abin da ya ɗauke ta ya kai ba. Mu da muke aji biyar yau mun sani. Eriyar ma ba wani abin tsoro ba ce: waya biyu ce ta jan ƙarfe, kowace wajen mita biyar, a miƙe su hagu da dama a rataye tsakanin itatuwa biyu, an gama eriyar zangon mita 20. Da ita da na'ura mai ƙarfin wat 100, wanda bai fi na tsohon ƙwan lantarki ba, da batirin mota, mutum zai yi magana da Turai daga nan Jega in sama ta yi kyau.

Duk wannan yana cikin littafinmu na Fiziks, babin igiyoyi. Mun haddace shi domin jarrabawa, mun manta bayan jarrabawa. Sai da muka ji shi da kunnenmu ya zauna.

To, ina dangantakarsa da wayar salula? Ba mu ƙi waya ba. Da ita iyayenmu suke jin lafiyarmu, da ita ɗan kasuwar albasa na Aliero yake jin farashin Legas kafin ya yi lodi, da ita ake turo mana kuɗin makaranta. Tun da layukan salula suka shigo ƙasar nan a 2001 rayuwa ta yi sauƙi ta hanyoyi da yawa, wanda ya musa wannan bai faɗi gaskiya ba. Amma mu dubi kanmu lokacin hutu. Yaro zai kwana yana shafa gilashi da yatsa, ya kalli bidiyo ɗari, gari ya waye bai iya faɗin guda uku daga ciki ba. In wayar ta lalace sai ya kai wa mai gyara a kasuwar Jega ya tsaya yana kallo kamar baƙo. Mun zama masu ci kawai, ba mu san inda aka dafa ba. Ɗan sha'awar rediyo kuwa dole ya san abin da ke cikin akwatinsa, ya iya auna waya, ya iya liƙa da dalma, ya san dalilin da ya sa yau aka ji shi, jiya ba a ji shi ba. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiharmu nan a Aliero tun 2006, a bakin ƙofarmu. Wane irin ɗalibi za mu aika mata? Wanda ya iya latsawa kaɗai, ko wanda hannunsa ya riga ya saba da aiki?

Akwai kuma maganar ladabi, wadda muke gani ta fi shafar mu a matsayin makarantar mishan. A dandalin sada zumunta mutum yakan ɓoye sunansa, ya sa hoton zaki, ya zagi sa'an ubansa, ya yaɗa labarin da bai tabbatar ba, ya kwanta ya yi barci. Mu a arewa mun san abin da jita-jita take iya jawowa tsakanin maƙwabta, ba sai an faɗa mana ba. A rediyon 'yan sha'awa ba ka da wurin ɓuya. Doka ce ka faɗi lambar kiranka, lambar kuwa tana rubuce a wurin hukuma da sunanka. Ba a yarda da saƙon asiri ba, duk wanda ya kama zangon zai ji ka. Na'urar kanta tana koyar da haƙuri, gama mutum biyu ba su iya magana a lokaci ɗaya. In kana magana ba ka ji, in kana so ka ji sai ka saki maɓalli ka yi shiru. Kafin ka yi kira ma sai ka saurara, ka tambaya ko akwai mai amfani da wurin. Mun sha jin wa'azi a kan sura ta uku ta Wasiƙar Yakubu game da harshe. Ga wata na'ura da take tilasta wa yaro ya aikata abin da ya ji.

Wannan zumunci kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun san zamanin Zaɓi Sonka, lokacin da mutum zai sayi kati ya jera sunayen abokai daga Maiyama har Agadas, ya aika gidan rediyo, ya kasa kunne ya ji an karanta. Mutane da yawa sun ƙulla abota ta haka ba su taɓa ganin juna ba. 'Yan sha'awar rediyo ma suna da katinsu, ana kiransa QSL. In kun yi magana da mutum sai ku aika wa juna kati mai ɗauke da rana da lokaci da zango, shaidar cewa kun sadu. Ikkilisiya ita ma tana da tarihi da rediyo. Dattawanmu suna tuna ELWA da ta fara watsa shiri daga Laberiya a 1954, suna tuna Muryar Bishara da ake shirya shirye-shiryenta na Hausa a Jos, a watsa daga Adis Ababa har zuwa 1977. Kafin tarho ya kai ƙauyuka, da wayar iska tashoshin mishan da yawa a Afirka suke jin labarin juna, su nemi likita ko magani.

Sai babban dalili. Wayar salula jela ce, kanta yana wani wuri. Tana dogara ga dogon ƙarfen sabis, shi kuma yana dogara ga man janareto, da wayar da aka binne a ƙasa, da wadda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. In ɗaya ya tsinke, abin da ke hannunka ya zama tocila. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya duka na wajen awa shida. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, har bankuna suka sha wahala a nan Nijeriya. A Satumban 2021 kuma maƙwabtanmu na Zamfara suka yi makonni ba sabis, sa'ad da hukuma ta rufe layuka saboda matsalar tsaro. Wannan umarnin gwamnati ne, ba kuma muna cewa a nemi hanyar kauce wa doka ba. Mun kawo shi ne domin a tuna yadda gari yake zama in waya ta yi shiru, mutum ya hau mota ya yi tafiya mai nisa domin ya ce wa ɗansa yana lafiya.

Mu kuma da muke bakin gulbi mun san ruwa. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi, ta rushe gidaje, ta yanke hanyoyi. A irin wannan rana rediyon 'yan sha'awa ba ya bukatar kowa a tsakani. Batir, da waya a kan itace, da mutumin da ya san aikinsa, shi ke nan. In aka rataye eriya ƙasa-ƙasa a zangon mita 40, igiyar takan tashi sama sak ta zubo kamar ruwan sama a kewaye, ta rufe ɗaruruwan kilomita, watau Jega da Aliero da Maiyama da Birnin Kebbi har Yawuri duk su ji juna. An gwada wannan a wurare da yawa. A Disamban 2004, da igiyar teku ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya, wata mata mai suna Bharathi Prasad tana can da abokan aikinta domin sha'awar rediyo kawai. Nan take suka juya tasharsu ta zama hanyar aika saƙon neman taimako da labarin waɗanda suka tsira. Haka aka yi a Nefal bayan girgizar ƙasa ta 2015, da Fotoriko bayan guguwar 2017. 'Yan'uwanmu mata su lura, mace ce ta ja ragamar wancan aiki, domin kada wata ta ce kulob ɗin na maza ne.

Ba za mu ɓoye abin da za a ce a kan roƙonmu ba, gama mun riga mun ji wasu. Na fari kuɗi. Gaskiya ne sabuwar na'ura tana da tsada, makaranta kuwa tana da rufin da yake yoyo da kujerun da suka karye. Ba mu ce a bar waɗannan ba. Matakin farko bai fi ƙarfin aljihun kulob ba: a naɗa waya a jikin kwali, a haɗa da ɗan diyod da abin sawa a kunne, a yi rediyon da ke kama tasha mai ƙarfi ba batir. Bayan wannan akwai wata 'yar na'ura kamar filashi da ake soka wa kwamfuta ta mai da ita akwatin saurare. Har ma Jami'ar Twente ta ƙasar Holan ta sa akwatinta a intanet, kowa yana iya murɗawa daga inda yake ya ji gajeren zango. Ka ga intanet ɗin ma ya zama bawan rediyo. Shekara guda muna iya yi muna saurare muna rubuta abin da muka ji, kafin a yi maganar sayen na'urar magana.

Na biyu ya fi nauyi, shi ne tsaro. Wani uba ya ce mana, a wannan zamani da ɓarayin daji, wa zai yarda a ga ɗansa da oba-oba? Wa zai yarda a ga doguwar eriya a makaranta? Ba mu raina wannan magana ba. Jihar da ta ga abin da ya faru a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 tana da dalilin yin hattara. Amsarmu ita ce a yi kome a fili. Malami ne zai fara neman lasisi daga hukumar tarayya da ke kula da wannan, ta hanyar shawarar ƙungiyar ƙasa. A sanar da 'yan sanda da hakimi kafin a ɗaura ko waya ɗaya. Na'urar ta zauna a ɗaki mai makulli, da littafin da za a rubuta kowane kira, rana da lokaci da sunan wanda ya yi. Ɗalibi ba zai taɓa ta ba sai gaban malami, ba kuwa wanda zai fita da ita waje. Muna kuma gargaɗin 'yan'uwanmu da suke ganin oba-oba mai araha a kasuwa: saya ba lasisi ba ne, yin magana da ita ba izini laifi ne, a halin da ake ciki kuma yana iya jawo wa mutum abin da ya fi tara. In hukuma ta ce a dakata, sai mu dakata, mu ci gaba da saurare.

Na uku, wani dattijo da ya ji maganar ya yi murna ƙwarai, ya ce ashe za mu riƙa watsa wa'azi da waƙoƙin mawaƙan ikkilisiya. Baba, a gafarce mu, ba haka ba ne. Dokar wannan rediyo ta hana watsa shiri ga jama'a, ta hana kiɗa, ta hana ciniki. Mai albasa ba zai yi cinikin buhu a kai ba, mu ma ba za mu mai da shi bagade ba. Wanda yake son wannan aiki sai ya nemi gidan rediyo, hanyarsa dabam. Amfanin da ikkilisiya za ta samu shi ne 'ya'ya masu sana'a a hannu, waɗanda in masifa ta zo za su yi wa gari duka hidima, Kirista da Musulmi, gama ruwa in ya zo ba ya tambayar addinin mai gona. Muna ma fata in abin ya kafu a gayyaci makarantun da ke kusa da mu su zo mu koya tare.

Mu faɗi kuma abin da yake sa mu ɗoki, domin mu yara ne. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kewaya duniya a nisan wajen kilomita 400, tana gama zagaye ɗaya cikin wajen minti 90, akwai kuma rediyon 'yan sha'awa a cikinta. Tun shekarar 2000 ake shirya wa makarantu su yi wa 'yan sama jannati tambayoyi kai tsaye, na wajen minti goma kafin ta wuce. Akwai tauraron ɗan'adam na ƙasar Katar da aka harba a 2018, 'yan sha'awa suna kiransa QO-100, yana tsaye a wuri ɗaya a saman Afirka, da faranti irin na talabijin ake kama shi. Kowace shekara kuma a mako na uku na Oktoba 'yan Sikawut na duniya suna gaisawa ta rediyo, abin da suka fara tun 1958. Tsoron bugun Mos ma ya kau, gama tun 2003 dokar duniya ta daina tilasta shi, ko da yake mu biyar a cikinmu mun fara koyo da usur, har masu kwana kusa da mu sun kai ƙara wurin shugaban ɗakin kwana.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Shugaban Makaranta ya ba mu ɗan ɗakin da ke jikin sito, da izinin awa ɗaya ranar Asabar da yamma. Ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki nauyin malami guda ya nemi lasisi. Tsofaffin ɗalibanmu da ke aikin injiniya ko sadarwa a Sakkwato da Kaduna da Abuja, in wannan mujalla ta iso hannunku, ku tuna da mu da ƙarfen liƙa dalma, da mitar awon lantarki, da littattafai, ko tsofaffi ne. Iyayen da ke da mataccen rediyo a ƙarƙashin gado kuma kada su ba 'yan gwangwan, su ba ɗansu ya zo mana da shi ranar komowa hutu. Malaminmu na Fiziks ya yarda zai karɓa ya rubuta sunan mai shi.